Dodon Jiddo Ba Shi da Iƙama

A gidanmu ba a kallon dodo da sauti. Doka ce. A sa kaset, a murɗe muryar talabijin har ƙasa, kowa ya nemi gefen kafet ya zauna, sai Jiddo ya gyara murya. Shi ne soja, shi ne mai karanta labarai, shi ne matar da ke gudu da goyo, shi ne kuma dodon kansa. In dodo ya wage baki, daga maƙogwaron Jiddo rurin ke fitowa, wani lokaci har da tari a ƙarshe.

Jiddo kakana ne, mahaifin Abbana. Mu Hausawan Sudan ne. Ya hau jirgin ruwa yana saurayi, ya sauka Jidda, ya yi ta dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ce halas. Ni kuwa a unguwar Hindawiyya, nan Jidda, aka haife ni, yanzu ina jami'a.

Kaset-kaset ɗin tun kafin a haife ni ya sayo su a haraj, kasuwar gwanjon nan da za ka samu komai daga firji har takalmi ƙafa ɗaya. Tsofaffin finafinan Japan ne, baƙi da fari, na dodon da ke fitowa daga teku yana tattaka gari. Kowa ya san mutum ne a cikin rigar roba. Kowa ya san gidajen na kwali ne, tankokin kuma ba su fi akwatin ashana ba. Ba wanda ya damu. Matsalar ɗaya ce: da Japananci suke magana, rubutun da ke ƙasa kuma wani yare ne da ba mai iya karantawa a layinmu. Marigayiya Haboba, kakata, ta ce hayaniyar na sa mata ciwon kai. Sai Jiddo ya kashe sautin, yara suka ce to me suke cewa, ya buɗe baki ya fara. Daga nan bai sake rufewa ba.

Labarin Jiddo kuwa ba ya canjawa a gindinsa, rassan ne kawai ke sabunta kowace Juma'a. Dodo bawan Allah ne. Ya fito daga ruwa neman abinci, ba shi da iƙama, wato takardar zama a ƙasa, ba shi da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa. Yana sa ƙafa a tudu gari ya ruɗe.

"Ga shi nan ya iso," in ji Jiddo, yana nuna shasha, wato fuskar talabijin, da sandarsa. "Assalamu alaikum mutanen gari, akwai aiki? Ba wanda ya amsa. Dubi wancan mai tabarau, shi ne babban kafili. Yana cewa, wa ya kawo wannan? Takardarsa fa? A kira mota!"

Sai tankoki su fito.

"Ya ce musu, ku yi haƙuri, wallahi wucewa zan yi. Suka harbe shi a ciki. Ya ce, kai, ni da ko karin kumallo ban yi ba?"

In dodo ya taka bene, Jiddo ya ce ba da gangan ba ne, layin ne ya yi masa ƙunci, kamar lungun gidanmu in mai tankin ruwa ya shigo. In ya tsinke wayoyin lantarki, ya ce ai shanya ya zata, yana neman inda zai rataye rigarsa. Mu kuwa muna bayan dodo ɗari bisa ɗari. In ya hura wuta a kan tanka tafi muke yi. Na girma ina zaton duk duniya haka ake kallonsu.

Akwai kaset ɗaya da ya fi kowane daraja, kuma shi ne mai tabo. Lokacin bikin Gwaggo, ƙanwar Abbana, an kawo kaset na biki daga wurin mai ɗauka, ana so a kwafa a aika wa dangi a Sudan, ba kaset fanko a gida. Abbana, yana matashi lokacin, ya ɗauko na dodo, ya liƙe ramin nan na gefe da salatif don ya karɓi sabon ɗauka, ya ce ai fim ɗin ya ƙare, sauran zaren banza ne. Ashe bai ƙare ba. Kwafin ma ba a aika ba, don da aka duba aka ga abin da ya faru, kunya ta hana.

To ga yadda fim ɗin yake a gidanmu. Dodo ya ratsa gari, ya iso bakin wata babbar gada, ya tsaya, ya juyo da kai a hankali. Sai shasha ta yi shuu, ta yi tsalle, sai ga Gwaggo cikin jan tobi, laffayarmu ta Sudan, da lalle har gwiwar hannu, mata na rangaɗa guɗa. A nan kawai ake ƙara sauti.

"Shi ke nan," in ji Jiddo kullum. "Ya samu iƙama, an ba shi mata."

Gwaggo ta yi ta ƙorafi shekara da shekaru. "Baba, wai ni ce matar dodo?"

"To wa na gani bayan shi? Ni abin da ido ya nuna min nake faɗa."

Mijinta, mutum mai sanyi, sai ya ce shi dai bai ga wani bambanci mai yawa ba, da shi da dodon duk ta ruwa suka zo.

Da aka yi rusau a ɓangarenmu na Hindawiyya dangi suka watse. Da a layi ɗaya muke, ka leƙa taga ka kira Gwaggo ta miƙo maka gishiri. Yanzu wasu na arewa, wasu na gabas, mu da Jiddo muka koma kudu wajajen Khumra, inda Yayana ke aiki a wani sito. Ranar tashi Jiddo bai yarda a sa na'urar bidiyo a bayan mota ba, a cinyarsa ya rungume ta har muka isa. A sabon gidan ba shi da abokan hira, ba dakalin da ya saba, masallacin ma ba wanda ya san shi. Ya rage magana ƙwarai. Sai dai ranar Juma'a. Bayan an sauko, dangi su haɗo daga ko'ina, a ci asida, tuwonmu na Sudan, da shinkafa, a ɗauke sufrar da aka shimfiɗa aka ci a kai, a kawo shayi, a sa dodo. Wallahi don wannan suke keto zafin rana da cunkoso, ba don asidar Ummana ba, ko da yake kar ta ji na faɗa. A wannan sa'ar Jiddo kan dawo Jiddo.

Sai na'urar ta mutu. Wata Juma'a aka tura kaset ta yi ƙara kamar mai shaƙewa, ta turo shi waje. Muka kai ta wurin wani mai gyara a Sharafiyya, ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ce kan da ke karanta zaren ya cinye, kuma ba a samun irinsa ko a mafarki. Muka yi yawon haraj, duk wadda muka samu gawa ce ita ma. Juma'o'i suka wuce ba dodo. Aka fara jin uzuri. Wannan ya ce mota, wancan ya ce yara na da jarrabawa. Jiddo ya koma zama a ɗaki yana kallon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki.

Yaya ne ya kawo magani, wannan ba zan hana shi ba. Ya yi oda ta waya, aka kawo wani akwati mai nauyi, baƙi, da hoton dodo a jiki. Fayafai ne jere a ciki, an wanke hoton tas, an gyara sautin, ga fassarar Larabci, ga ɗan littafi mai hotuna. Ya ɗauko shi kamar jariri.

Yaya mutum ne mai son asli, wato kaya na ainihi ba jabu ba. Turarensa asli, cajarsa asli, in ka ba shi abu sai ya juya bayansa ya karanta. Ya kalli faifan farko shi kaɗai, ya fito falo idonsa ja.

"Kin san me muke yi duk shekarun nan?" ya ce min. "Tafi muke yi ana kashe mutane."

"Mutanen kwali, Yaya."

"Ba wasa nake ba. Mutanen nan bam aka jefa wa garuruwansu. Fim ɗin kuka ne, ba wasan yara ba. Dodon nan ba baƙo ba ne mai neman aiki, masifa ce. Mai tabarau kuma ba kafili ba ne, masanin kimiyya ne, shi ke ƙoƙarin ceton gari. Kuma a ƙarshe..."

"Kar ka faɗa."

"A ƙarshe ba a ba shi mata ba, ke yarinya."

Na karɓi faifan na kalla ni ma, da sauti, da fassara. Ba zan yi ƙarya ba, Yaya ya yi gaskiya. Fim ne mai nauyi, na share hawaye. Amma ko kusa ban ji cewa Jiddo ya cuce mu ba. Su sun yi fim a kan abin da ya same su. Kaset ya yi yawo har ya faɗo haraj, ya shiga hannun ɗan dako da bai ji yarensu ba, ya dubi wani ƙato da ya fito daga ruwa kowa na binsa da bindiga, ya gane shi. To laifin wa?

Na ce, "Yaya, ranar Juma'a a kashe sauti kamar kullum."

"La, a'a. Asli za a kalla. Yaran nan su san gaskiya sau ɗaya a rayuwarsu."

"Jiddo fa?"

"Jiddo ya huta. Ya sha wahalar magana, shi ma ya zauna a yi masa."

"Ka tambaye shi ko ya gaji?"

"Mu da aka rushe mana gida a gaban idonmu, mu ne za mu zauna muna yi wa mai rushe gidaje kirari? Ki yi tunani mana."

Wannan ta shige ni. Na ce masa kawai, "Taib, mu gani." Ya ɗauka na sallama. Ya manta ni ce na haɗa sabon talabijin ɗin da wayata ranar da aka kawo shi, lokacin da shi yake can yana karanta takardar garanti.

Labari ya zaga dangi cewa dodo ya dawo. Ranar Juma'a falo ya cika har bakin ƙofa, takalma sun yi tudu. Jiddo ya sa farar jallabiyarsa mai guga, ya ɗaura rawani, ya sa aka jawo masa kujerarsa gefen shasha inda ya saba. Ya sha shayi ya kurkure maƙogwaro. Ya kalle ni ya kashe ido.

"Amarya, yau za ki ji ruri. Na tara shi ya yi yawa."

"Tsoho, kar dai haƙoran su faɗo."

"Naki ne za su faɗo don kishi."

Yaya ya tura faifai, ya zauna da rimot a hannu kamar alƙali. Kiɗa ya tashi, mai nauyi, har ƙasa na girgiza. Hoton kuwa subhanallah, kana ganin kowane ɓawo a fatar dodon, kana ganin igiyar da ke riƙe da jirgin sama. Jiddo ya buɗe baki zai fara sallama, sai Japananci ya rufe shi. Ya dakata. Ya sake gwadawa, ya ɗaga murya. Rubutun Larabci ya fito a ƙasa, fari ƙal, yaran Gwaggo suka hau karantawa da ƙarfi, suna rige-rige.

"Jiddo, ashe ba takarda yake tambaya ba!"

"Jiddo, wai cewa ya yi a kwashe mutane daga bakin teku!"

"Ashe ba kafili ba ne!"

Suka yi ta dariya. Ba da mugunta ba, yara ne, sun gano abu. Da dodo ya fito ya yi rurinsa na asli, ƙarar ta cika falon, ƙananan suka toshe kunne suna ihun murna. Na kalli Jiddo. Bakinsa a buɗe kaɗan, rurin da ya tara yana nan bai fita ba. Ya rufe bakin. Ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, "To. Allah ya ƙara ilimi." Ya fara laluben sandarsa a gefen kujera.

Na san in ya tashi ya shiga ɗakin nan, ba wata Juma'a da za ta sake fito da shi.

Wayata na cinyata ƙarƙashin gyale. Na danna. Falon ya yi tsit, dodo na wage baki ba ƙara.

Yaya ya dubi rimot, ya bubbuga shi a tafin hannu, ya mayar da sauti. Na kashe. Ya mayar. Na kashe. Ya miƙe ya matsa kusa da talabijin ya danna da ƙarfi, sautin ya dawo rabin kalma, na yanke shi. Jama'a, a jami'a ana hana mu taɓa waya a lacca, shi ya sa babban yatsana ya ƙware da aiki a ɓoye, ido na kan malami. Yaya yana danna ɗaya na danna uku. Japanawa suka koma kamar masu shaƙuwa.

Abbana ya ce, "Kai, kayan naka ba asli ba ne?"

Falo ya fashe. Yaya ya juyo yana bin fuskoki ɗaya ɗaya har ya iso kaina. Ni kuwa na kafa wa shasha ido kamar waliyyiya.

"Ke ce."

"Ni ce."

"Ba ni wayar."

"Wallahi ba zan bayar ba."

Ummana ta kira ni da muryar nan da ke nufin za mu haɗu a kicin. A gidanmu ƙanwa ba ta ce wa Yaya a'a a gaban mutane. Ban taɓa yi ba. Amma bakina ya riga ya tafi.

"Yaya, ka yi haƙuri, girmanka ne. Faifanka ne, na sani, kuma na kalla, gaskiyarka ce duk abin da ka faɗa. Amma asli yana nan gobe, yana nan jibi, yana cikin akwati ba inda za shi. Mutanen nan ba Japananci suka keto rana su ji ba."

"Ƙarya kike so a ci gaba da koya wa yara?"

"Sun iya karatu, ga shi ka gani. Su karanta ranar Asabar. Yau Juma'a ce."

"Ko kin kashe sauti rubutun na nan," ya ce, yana nuna ƙasan shasha. Kuma haka ne, wannan daga na'urar fayafansa yake, wayata ba ta kai can.

Sai Gwaggo ta miƙe. Gwaggon da ta shekara tana cewa an ɓata mata biki. Ta tsallake ƙafafun mutane, ta ɗauko dogayen matasan jingina biyu, ta jera su a kan teburin talabijin, suka rufe ƙasan shasha ruf, da rubutun da ƙafafun sojoji. Ta kakkaɓe hannu.

"Baba," ta ce, "mijina ya iso gari, ba wanda ya yi masa sannu da zuwa."

Jiddo yana tsaye rabi, sanda a hannu. Ya dubi matasan, ya dubi Yaya. Yaya ya dubi Abbana, Abbana ya ɗaga kofin shayinsa ya ɓoye fuska a ciki. Yaya ya ajiye rimot a kafet, ya koma bango ya harɗe hannu.

Jiddo ya zauna. Ya gyara rawani. Ya ja numfashi ya saki wani ruri da ban taɓa jin irinsa ba, har maƙwabcinmu ya buga bango.

"Assalamu alaikum mutanen gari! Na ga kun yi fenti!"

Wayyo, ranar ya zuba. Sabon hoton ya ba shi kaya. Ya ga igiyar jirgi ya ce ai haya suka ɗauko shi, mai shi na riƙe da shi kar su gudu. Ya ga wani soja na gumi ya ce shi ma iƙamarsa ta ƙare, tsoro yake kar a gama da dodo a juyo kansa. Yaran da suka gama gyara masa zance ɗazu su ne suka fi kowa birgima. Mai tabarau ya koma kafili, ba wanda ya ɗaga ƙara.

Har dodo ya iso bakin gada. Ya tsaya. Ya juyo da kai a hankali.

Matan falon gaba ɗaya suka rangaɗa guɗa. Ba wanda ya shirya, jiki ne ya saba. Gwaggo har da rufe fuska da gyale. Guɗar ta ƙare, dariya ta biyo, sai dariyar ta mutu, don shasha ba ta yi shuu ba. Dodo ya ɗaga ƙafa ya taka gadar. Fim ya ci gaba.

Ni da Yaya kaɗai muka san abin da ke gaba. Yatsana na kan waya, ina iya kashe talabijin ɗin ɗungurum. Na kalli Jiddo. Ya ɗago min hannu, alamar bari.

"To," ya ce. "Nan ban taɓa zuwa ba. Mu shiga tare."

Ya bi dodo ƙetaren gada, yana ɗan zolaya, amma a hankali, kamar mai tafiya a layin da bai sani ba. Sai hoto ya bar dodo ya koma kan gari da safe. Ba gini ko ɗaya a tsaye. Mutane na tafe a layi da ƙunshi a ka. Wata tsohuwa na tsugune cikin ɓaraguzai tana tono da hannu.

Jiddo ya tsura wa tsohuwar ido. Da ya yi magana, ba muryar wasa ba ce.

"Murfin tukunyarta take nema. Tukunyar ta samu, murfin ne babu. Za a ce mata ki bari, a sayi wani. Ba za ta bari ba."

Aka nuno wani mutum tsaye a gaban ƙofa, ƙofar kaɗai ta rage, ba bango.

"Wannan makulli na aljihunsa. Ya kulle da hannunsa kafin ya fita. Har yanzu bai jefar ba."

Ummana ta ja gyale ta goge ido. Ba wanda ya kalli wani.

"Ya yi ɓarna," in ji Jiddo. "Bawan Allahn nan ya yi ɓarna. Ban san ta kai haka ba. Kai dodo, ko an zalunce ka, waɗannan me suka yi maka?"

Na saci kallon Yaya. Ya sauke hannuwansa, ya matso daga bango.

Daga nan aka yi wa dodo taron dangi, jirage ta sama, jirage ta ruwa. Ya koma teku yana ja da baya, ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai wuya. Ya wage baki sau ɗaya. Jiddo bai yi masa rurin ba. Ruwa ya rufe.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Jiddo. Wasu tsofaffin suka amsa kafin su tuna a kan wa ake yi. "Ya ci haƙƙin mutane, an ci nasa. Allah ne zai raba su. Gwaggonku ta shiga takaba."

"Baba!"

Dariyar da ta fito wata iri ce, haɗe da majina. Jiddo ya miƙa hannu aka zuba masa shayi. Ya kurɓa, idonsa na kan baƙin akwatin da ke gefen Yaya.

"Kai, ɗan asli. Miƙo min."

Yaya ya kai masa da hannu biyu. Jiddo ya buɗe, ya bi fayafan da yatsa.

"Duk waɗannan na waye?"

"Nasa ne, Jiddo."

"Shi wanda ya mutu yanzu?"

Yaya ya sosa ƙeya. "Ya'ni... yana dawowa. A kowane ɗaya yana dawowa."

Jiddo ya buga sanda a ƙasa. "Allahu akbar! Tarhil aka yi masa, aka mayar da shi inda ya fito, ya dawo da bizar umra! Na ce muku namu ne!"

Har Yaya sai da ya durƙushe. Jiddo ya rungume akwatin ya ce daga yau a ɗakinsa zai kwana, mai son asli ya zo ya ara da ladabi. Yaya ya ce ya yarda, da sharaɗin ranar Asabar a cire matasai, a kunna sauti, duk mai son jin abin da mutanen suka faɗa da bakinsu ya zo. Jiddo ya ce Asabar ba tasa ba ce, a yi abin da aka ga dama da ita. Ni dai na sha faɗa a kicin, an ce sai na ba Yaya haƙuri a gaban Abba, na bayar, da murmushina har kunne, aka ce in sake ba tare da murmushin ba.

Asabar ina zuwa, ni da Yaya da manyan yaran Gwaggo, mu kalla mu yi ta gardama. Juma'a kuwa yanzu sai ka zo da wuri, in ba haka ba a bakin ƙofa za ka tsaya.

Makon da ya biyo aka sa faifai na gaba cikin waɗanda ba mu taɓa mallaka ba. Mai launi ne, kuma dodanni uku ne a ciki, ɗaya har da fukafukai. Jiddo ya tsura musu ido, ya ga sun kama kokawa a kan wani tsauni.

"Amarya, tsayar min."

Na tsayar. Ya matsa da kujera, ya sa tabarau, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, falo na jira.

"Wannan mai fukafukin surukarsa ce, daga ganin yadda take kallonsa. Na ukun ne ban gane ba tukuna. Ku ba ni shayi in yi tunani, kar kowa ya taɓa komai."